Guzurin Baƙo: Tarihin Shirya Matasa Masu Aikin Sa-kai a Ƙasashen Waje

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda aka riƙa shirya matasa kafin su bar gidajen iyayensu su tafi aikin sa-kai a wata ƙasa, tun daga 1920 zuwa zamanin da muke ciki. Abin da ya ja hankalina ga wannan batu kuwa shi ne ɗalibanmu na kwalejojin ilmi, waɗanda kan zo neman mu rubuta musu takardar shaida domin sun cika fom na wani shirin musayar matasa. In ka tambayi ɗayansu irin shirin da yake yi, sai ya lissafa maka fasfo da biza da katin rigakafin shawara da rigar sanyi. Da wuya ka ji ya ambaci harshen mutanen da za shi wurinsu, balle tarihinsu.

Da farko ya kamata a fayyace kalma. A nan, mai aikin sa-kai shi ne saurayi ko budurwa da ya yarda don kansa ya je wata ƙasa ya yi aikin taimako na wani ƙayyadadden lokaci, ba tare da albashi ba sai ɗan kuɗin abinci da wurin kwana. Ba a nufin 'yan sa-kai masu tsaron ƙauyuka.

Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne cewa ƙungiyoyin da suka ƙago wannan aiki sun fara da horar da jiki, sa'an nan suka koma ga cusa ilmin ƙasashe a cikin aji, kuma duka biyun ba su wadatar ba. Sai da aka sha kunya tukuna aka gane cewa babban malamin baƙo shi ne mai masaukinsa, kuma ba a shiga makarantar wannan malami sai ta ƙofar harshe.

2.0 Mafarin Al'amarin

Masana tarihi sukan ɗora asalin aikin sa-kai na ƙasa da ƙasa a kan wani injiniya mutumin Suwizalan mai suna Pierre Ceresole. A ƙarshen 1920, watau shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tara wasu 'yan tsirarun mutane daga ƙasashe daban-daban, har da Jamusawa, suka je ƙauyen Esnes kusa da Verdun a Faransa, inda yaƙi ya rushe gidaje ya lalata gonaki. Suka shiga gina wa mutane bukkokin katako da gyaran hanya da share gonaki. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar Service Civil International ta samo asali.

Amma aikin bai yi nisa ba. Bayan kamar wata biyar aka tilasta musu tashi, domin akwai mutanen wurin da ba su iya jure ganin Bajamushe a ƙasarsu ba, ko da kuwa gini ya zo yi musu. Ceresole da mutanensa sun zo da kyakkyawar niyya da ƙarfin jiki da kayan aiki. Abin da ba su auna sosai ba shi ne zafin mikin da ke zukatan masu masauki. Wannan matsala da ta bayyana tun ran farko, ita ce za mu yi ta cin karo da ita har ƙarshen takardar nan.

3.0 Zamanin Horon Jiki

Mutum na biyu da ya wajaba a ambata shi ne Alec Dickson, Baturen Ingila, wanda tarihinsa ya shafe mu kai tsaye. Bayan ya yi aikin yaƙi da jahilci da raya karkara a Gana, a 1951 ya kafa wata cibiyar horo a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria a Kudancin Kamaru, wanda a lokacin ana mulkinsa tare da Nijeriya. Ya ɗauko tsarin ne daga makarantar Outward Bound da Kurt Hahn ya buɗe a Birtaniya a 1941. Akan tara samari masu ilmin boko, malaman ofis da malaman makaranta da ma'aikatan En'e daga sassan Nijeriya, a sa su iyo a teku da tuƙin kwalekwale da hawan Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000, sa'an nan a kai su ƙauye su yi aikin gayya da hannuwansu. Dickson ya yi imani cewa wahala ita ke karya girman kan ɗan boko, ta kuma nuna masa abin da yake iyawa. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961, cibiyar ta ci gaba a Nijeriya, kuma makarantarta ta Dutsen Shere kusa da Jos sananna ce. Duk wanda ya kwana a sansanin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Gowon ta kafa a watan Mayu 1973, ya ɗanɗani gadon Dickson a hannun 'yan Man O' War, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Bayan ya koma gida, a 1958 Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar Voluntary Service Overseas, wadda aka fi sani da VSO. Rukunin farko ba su kai mutum 20 ba, samari ne 'yan kimanin shekara 18 da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a, aka tura su wurare kamar Sarawak da Gana da Nijeriya su yi shekara guda. Shirin da aka yi musu gajere ne ƙwarai, don a ganin Dickson ƙuruciya da ƙarfin hali su ne jarin yaro, sauran kuwa zai koya a can. A wannan shekara ta 1958 kuma wani limamin Kirista baƙar fata na unguwar Harlem a Amurka, James Robinson, ya fara shirin Operation Crossroads Africa, inda ɗaliban Amurka ke zuwa lokacin hutu su yi 'yan makonni suna gini tare da samarin Afirka.

Gwamnatocin da ke karɓar baƙin ba su daɗe ba suka nuna cewa ƙuruciya kaɗai ba ta koyar da lissafi a aji biyar na sakandare. Saboda haka tun farkon shekarun 1960 VSO ta fara tura masu digiri, kuma zuwa 1980 ta daina tura marasa sana'a baki ɗaya, ta mai da wa'adin aiki shekara biyu. Wannan shi ne karo na farko da buƙatar mai masauki ta canja irin mutumin da ake turowa.

4.0 Zamanin Aji da Allo

A daren 14 ga Oktoba 1960, John Kennedy yana neman shugabancin Amurka, ya tambayi ɗaliban Jami'ar Michigan ko nawa ne cikinsu za su yarda su je su yi aiki a ƙasashe irin su Gana. Ranar 1 ga Maris 1961 ya sa hannu a kan umurnin kafa Peace Corps, ya ɗora surukinsa Sargent Shriver a kanta, majalisa kuma ta tabbatar da ita da doka a watan Satumba na wannan shekara. An ba ta manufofi uku: samar wa ƙasashe ma'aikata, da sa mutanen duniya su fahimci Amurkawa, da sa Amurkawa su fahimci mutanen duniya.

Saɓanin VSO, Amurkawa sun ɗauki shiri da zafi. Aka ba manyan jami'o'i kwangilar horarwa na wata biyu zuwa uku, tun daga safe har dare. Ana koyar da tarihi da labarin ƙasar da za a je, da harshe, da kiwon lafiya, da dabarun koyarwa, da kuma tarihin Amurka da aƙidar kwaminisanci, domin zamanin yaƙin cacar baki ne, ana so yaro ya iya kare ƙasarsa in an tsare shi da tambaya. Bugu da ƙari, aka buɗe sansani a cikin dajin Puerto Rico a kan tsarin Outward Bound, ana hawan duwatsu da igiya da koyon iyo. Daɗin daɗawa, akwai masana halayyar ɗan Adam da ke lura da kowa, wanda suka ga bai dace ba a sallame shi kafin ranar tashi.

Rukunin farko da ya sauka a wata ƙasa shi ne na Gana, su kimanin 50, waɗanda aka horar a Jami'ar California da ke Berkeley. Da suka sauka a filin jirgin sama na Accra a ƙarshen Agusta 1961, sai suka tsaya suka rera waƙa da harshen Tuwi, wanda Hausawan zango ke kira Tonanci. Ba lalle ne sun iya furta kalmomin daidai ba, amma abin ya faranta wa mutanen Gana rai, domin ba su saba ganin Bature ya wahalar da harshensa saboda su ba.

5.0 Katin Ibadan

Rukunin farko na Nijeriya, su fiye da 30, sun yi horonsu a Jami'ar Harvard, sa'an nan aka kawo su Kwalejin Jami'a ta Ibadan domin su ƙarasa kafin a rarraba su makarantu. A tsakiyar Oktoba 1961 wata budurwa daga cikinsu, 'yar shekara 23, wadda ta gama digirinta da sakamako mai kyau ƙwarai, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati irin wanda ake jefawa gidan waya ba ambulan. A ciki ta ce duk da horon da aka ba su, ba su zo da shirin ganin irin ƙazanta da zaman baya da suka tarar ba, ta kuma bayyana yadda mutane ke dafa abinci da ciniki har da biyan buƙata a kan titi. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun wani ɗalibi. Kafin a ce haka an kwafe shi an rarraba a ɗakunan kwana, ɗalibai sun yi taron gangami suna neman a kori baƙin, suna kiransu 'yan leƙen asiri. Jaridun duniya suka ɗauka. Budurwar ta nemi gafara ta bar ƙasar. Sauran kuwa aka ƙaurace musu, har ta kai ga ƙin cin abinci daga ɓangarensu, kafin daga baya ɗaliban su yarda a zauna a tattauna.

Domin a fahimci wannan fushi, sai an dubi abin da ke zukatan ɗaliban Ibadan a lokacin. Shekara guda ke nan da samun mulkin kai. A Nuwamba 1960 waɗannan ɗalibai ne suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas don ƙin yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Birtaniya, wadda aka soke a Janairu 1962. A Janairu 1961 an kashe Patrice Lumumba a Kwango, kuma matasan Afirka da yawa sun ɗora alhakin a kan ƙasashen Yamma. A watan Yuni na wannan shekara, jakadan Cadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa Washington don miƙa takardunsa ga Kennedy, ya tsaya a wani gidan abinci a jihar Maryland aka ƙi sayar masa saboda launin fatarsa. To, mutanen ƙasar da ke yi wa jakadan Afirka haka, su ne 'yarsu ta zo tana ba da labarin titunan Ibadan.

Abin lura a nan shi ne cewa budurwar ba ƙarya ta rubuta ba, kuma ba ta rasa ilmi ba. Ita da kanta ta faɗi inda matsalar take: an horar da su, amma ba a shirya su ba. A Harvard an ba ta labarin Nijeriya kamar yadda ake ba ɗalibi labarin abin da za a yi masa jarrabawa a kansa. Ba a koya mata cewa mutanen da take kallo su ma suna kallonta ba, kuma suna iya karanta rubutunta. Bahaushe ya ce idon baƙo na masu gari ne, watau da idon masu gari baƙo ke gani. Wanda bai riga ya sami wanda zai ara masa ido ba, abin da ke bakin titi kaɗai zai gani, ba zai ga abin da ke cikin gida ba.

6.0 Komawa ga Harshe da Mai Masauki

Akwai wani abin da ya kamata mahalarta wannan taro su sani game da rukunin nan. A cikinsa ne Paul Newman ya zo Nijeriya, aka tura shi koyarwa a Maiduguri. Shi ne daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a shekarun 1970, shi da Roxana Ma Newman suka fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, ya kuma wallafa babban littafin nahawun Hausa a 2000. Haka nan Russell Schuh, wanda ya yi aikin Peace Corps a fannin yaƙi da jahilci a Nijar a tsakiyar shekarun 1960, ya ƙare rayuwarsa yana nazarin Hausa da Ngizim da Bade da Bolanci da Miya. Horo ɗaya aka ba Newman da mai katin nan. Bambancin shi ne ɗaya ya sami shekara biyu a tsakiyar mutane yana sauraronsu, ɗaya kuwa ta rubuta hukuncinta tun ba ta cika wata guda ba.

Sannu a hankali ita ma hukumar ta karkata zuwa wannan hanya. Aka rage hawan duwatsu da binciken masana halayya, aka ƙara sa'o'in harshe, kuma zuwa farkon shekarun 1970 yawancin horon ya tashi daga jami'o'in Amurka ya koma cikin ƙasashen da za a yi aikin, a hannun malamai 'yan ƙasa. A Nijar, inda Peace Corps ta yi aiki daga 1962 har zuwa Janairu 2011 sa'ad da aka janye ta saboda matsalar tsaro, an daɗe ana horar da sababbin zuwa a Hamdallaye kusa da Yamai. Akan ba kowa gidan da zai zauna, a raɗa masa suna irin na gari, ya koyi Hausa ko Zabarmanci a aji da kuma a bakin akushi, kafin a kai shi ƙauyensa a jihar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. A Nijeriya kuwa aikin ya ragu ƙwarai da yaƙin basasa, ya tsaya a shekarun 1970, ya ɗan dawo daga 1992 zuwa 1995.

Duk da haka, akwai waɗanda suka ga gyaran bai isa ba. A 1968 Ivan Illich, wani limamin Katolika mai zama a Meziko, ya yi wa wasu ɗaliban Amurka masu shirin zuwa aikin sa-kai a ƙauyukan Meziko jawabi mai zafi. Ya ce musu talakawan da za su je wurinsu ba su da hanyar da za su ƙi taimakon, su kuma ba su jin harshen da za a gaya musu gaskiya da shi. Ya shawarce su su zo yawon buɗe ido ko neman ilmi, amma su bar zancen taimako. Ko mutum bai yarda da shi duka ba, tambayarsa tana nan: wa ya fi amfana da tafiyar, baƙo ko mai gida?

7.0 Da Hanya Ta Zama Biyu

Amsar da wasu suka bayar ita ce a mai da abin musaya ta gaske. A 1971 Jacques Hébert ya kafa Canada World Youth, inda aka riƙa haɗa matashin Kanada da takwaransa na wata ƙasa, su zauna gida ɗaya, su yi rabin wa'adi a Kanada rabi a ɗaya ƙasar, ta yadda kowa zai ɗanɗani zama baƙo da zama mai masauki. A wannan shekara kuma shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara aiki, wanda ya buɗe ƙofa ga 'yan ƙasashe masu tasowa. Jamus ta kafa shirinta na weltwärts a 2008, a 2013 kuma ta fara karɓar matasa daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Shirin International Citizen Service na Birtaniya, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2020 har da Nijeriya, ya riƙa haɗa matasan Birtaniya da matasan ƙasar da aka je a aiki ɗaya.

Nijeriya ma ta shiga sahun masu turawa. A 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa Technical Aid Corps, wadda ke tura malamai da likitoci da masu jinya da injiniyoyi su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik, kamar Gambiya da Uganda da Jamaika da Fiji. Ashe ke nan alƙalamin da aka taɓa soke mu da shi a Ibadan, yau yana hannunmu. Kuma katin yau ya fi na 1961 saurin tafiya, domin hoton da yaro ya ɗauka da waya ya sa a Facebook ba ya jiran wani ya tsince shi a ƙasa. Ɗanmu da ya je Jamus ya ga tsofaffi a gidan kula da gajiyayyu, ya rubuto cewa mutanen nan ba su san darajar iyaye ba, da wanda ya je wata ƙasar Afirka ya rubuto yana raina abincinta da Turancinta, duk sun maimaita kuskuren budurwar nan: sun ga gaskiya ta bakin titi, sun yanke hukunci kafin su tambaya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda shirin tafiya ya tashi daga ƙarfin jiki a hannun Ceresole da Dickson, ya koma ilmin aji a jami'o'in Amurka, sa'an nan ya ƙare a gidan mai masauki. Bisa ga wannan, ina ba kwalejojinmu shawarwari huɗu.

Na ɗaya, kada malami ya sa hannu a takardar shaidar ɗalibi sai ya tambaye shi harshen da ake yi a inda za shi, ya kuma haɗa shi da sashen Faransanci ko Larabci ko wani mai jin harshen, ko da gaisuwa da ban-gajiya da neman gafara kaɗai zai koya.

Na biyu, sashen tarihi ya koya masa mikin mutanen da za shi wurinsu, watau abin da ba su son baƙo ya taɓa, ya kuma tabbatar ya san tarihin ƙasarsa, domin za a tambaye shi yaƙin basasa da rikicin Boko Haram, kuma zai ji zafin da ɗaliban Ibadan suka ji.

Na uku, a zauna da shi da iyayensa, musamman in mace ce, a yi magana a fili kan salla da abinci da sutura da azumi a ƙasar da rana kan daɗe ba ta faɗi ba, don ya san tun daga gida abin da zai yi sassauci a kansa da abin da zai roƙi masu masauki su yi masa uzuri.

Na huɗu, a nemi waɗanda suka je suka dawo su zo su yi wa na baya bayani, a kuma rubuta abin da suka faɗa da Hausa a ajiye. Amurkawa da Ingilishi sun cika ɗakunan karatu da labarin zamansu a cikinmu. Ya rage gare mu mu tattara labarin zaman 'ya'yanmu a cikinsu, tun masu labarin suna raye, domin masu nazarin da za su zo bayanmu su sami abin da za su dogara a kansa.